Dandalin Littattafai: Bayan Ruwan Bagaja Sai Me?

Mai karatun da ya kammala Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934, yakan ɗokanta ya ga labaran da suka taɓo zamansa na yau da kullum. Uku ne suka cancanci ya sa a gaba. Akwai So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, 1980, labarin budurwar Fulani da ta dage kan wanda take so. Sai Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, mai tona asirin 'yan fasa-ƙwauri, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, dukansu na 1982. Sai dai samunsu ya yi wuya. Wanda ya adana su a akwati ya daure ya ba matasa aro, kada gara ta riga su.