A kafa wa gidajen magabatanmu allo kafin damina ta cinye su

Sunan Sarauniya Mangu ya cika Yamai. Akwai rediyo da talabijin masu sunanta, akwai littafin da Abdoulaye Mamani ya fitar a 1980, akwai fim ɗin Med Hondo na 1986 wanda ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Amma ka tare ɗalibin sakandare a Dogon Dutsi ka ce ya kwatanta maka Lugu, garin da ta tari rundunar Voulet da Chanoine ranar 16 ga Afrilu 1899, ka ga kame-kame. Mun kai sunan birni, mun bar wurin a baya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, kaburburan waɗannan hafsoshin Faransa biyu suna nan a Maijirgi, kusa da Tasawa, kowa ya san su, baƙi na zuwa gani. Masu ƙona garuruwa sun samu shaida a ƙasa. Waɗanda suka tsaya musu fa?

A Landan, tun 1867 ake manna allo a bangon gidan da wani fitaccen mutum ya zauna, da sunansa da shekarunsa da aikinsa. 'Yan'uwanmu na Najeriya sun wuce nan ma: gidan Malam Aminu Kano, Mambayya, ya zama cibiyar nazari ƙarƙashin Jami'ar Bayero, gidan Sardauna a Kaduna kuma ya zama Arewa House. Mu a ƙasar Arewa ta Nijar mun fi su buƙatar allon, don gidajen magabatanmu na ƙasa ne da zana. Damina biyu ba yaɓe, soro ya zama tudu. Tudun ya zama gona, ko magada su sayar da filin. Daga nan sai ka ji ana cewa "wajen nan ne, ko can gaba kaɗan", har tsohon da ya san takamaiman wurin ya riga mu gidan gaskiya.

Ba Lugu kaɗai nake nufi ba. Matankari tsohuwar fadar sarakunan Arewa ce. Bagaji na da sarautar Baura. Tibiri na da Samna Karhe, wanda yaƙe-yaƙensa na ƙarni na 19 har yau suna bakin makaɗa. Dumega garin su Ibrahim Bare Mainasara ne, shugaban ƙasa daga 1996 har aka kashe shi ranar 9 ga Afrilu 1999. Ko ka yaba mulkinsa ko ka kushe, tarihi ne.

Na san za a samu masu cewa kafa allo a Lugu ɗaukaka al'adun Azna ne. Ban yarda ba. Allo ba wurin bauta ba ne, rubutu ne da ke cewa wance ta zauna nan, kaza ya faru a shekara kaza. Musulmin da ya karanta bai rage komai daga imaninsa ba, ya dai san ƙasar da yake takawa.

Sharuɗɗa biyu ne ba zan sassauta a kansu ba. Lugu ba kufai ba ne, sarautar Sarauniya tana nan da ranta, don haka kada wani jami'i ya zo da siminti ya dasa abu ba da yardar mutanen garin ba. Sannan a rubuta da Hausa tukuna, boko da ajami, Faransanci ya biyo baya. A kuma rubuta abin da dattawan wurin suka riƙe da abin da takardun tarihi suka tabbatar. Littafin Mamani ƙagaggen labari ne, yana da ƙarin gishirinsa.

Aikin bai kai kuɗin walimar biki ɗaya ba: faifan ƙarfe, buhun siminti, mai walda da magini. Ina kira ga hukumomin Dankasari, Matankari, Tibiri da Dumega, da sarakunanmu, da malaman tarihi na makarantunmu, su zauna da tsofaffi a ranin bana su tantance wuraren. A fara da Lugu.