Kirarin Mayaƙa Ba Tarihi Ba Ne

Wata gardama ta taso a tsakaninmu, mu 'yan ƙalilan da muke haɗuwa a ɗakin kwanan ɗalibai daren Asabar domin wasan labari, kuma mun ga ya dace mu kawo ta wannan fili. Mun sani da yawa daga cikin masu karatu ba su taɓa ganin wasan ba, wasu kuwa da suka leƙo suka tarar ana jefa ƙwayar lido sun tafi da zaton caca muke yi. To, ko anini ba a sawa. Mutum huɗu ko biyar ne za su zauna, kowa ya ɗauki wani mutum na almara ya zama bakinsa da hannunsa. Ɗaya kuma, wanda muke kira jagora, shi ne ke riƙe da duniyar baki ɗaya: shi zai faɗi abin da ke bayan ƙofa, shi zai yi magana da bakin sarki da na ɓarawo. In an zo kan abin da ba a san yadda zai kaya ba, sai a jefa ƙwaya. Labari guda yakan cinye zangon karatu, wani lokaci har shekara.

Wahalar jagora ita ce inda zai samo ƙasashe da sarakuna da tarihinsu, ga shi shi ma yana da jarrabawa a gabansa. Ana cikin haka sai wani abokinmu ya zo da tsofaffin littattafan wasan yaƙi, watau wasan nan da Turawa ke jera ƙananan sojojin dalma ko na roba a kan tebur, runduna ta fuskanci runduna, ana auna tafiyarsu da ma'auni. Nan take muka rabu biyu. Wasu suka ce waɗannan littattafai lissafi ne tsagwaronsa, ba abin da mai ba da labari zai tsinta a ciki. Wasu kuma suka rungume su hannu bibbiyu, har ta kai in jagora ya ce wani gari yana gabas, sai a buɗe masa shafi a nuna masa cewa yamma yake. Mu da muke rubuta wannan ba mu bi ko ɗaya ba, kuma ga dalilinmu.

Masu raina littattafan sun manta da asali. Wasan labari ɗan wasan yaƙi ne na cikinsa. Tun a 1824 wani hafsan sojan Furusiya, Georg von Reisswitz, ya gabatar wa manyansa wasan horar da hafsoshi a kan taswira, da ƙwayoyin jefawa da alƙalin wasa mai yanke hukunci. Wannan alƙali shi ne kakan jagoranmu. A 1913 marubucin nan na Ingila, H. G. Wells, ya buga Little Wars, ya fitar da abin daga bariki ya kai shi falon gida. Sa'an nan a 1971, a Amurka, Gary Gygax da Jeff Perren suka fitar da Chainmail, dokokin yaƙin mayaƙan sulke, inda ɗan gunkin soja guda yake tsayawa a madadin mutum 20. A ƙarshen littafin suka maƙala 'yan shafuka a kan matsafa da dodanni da jarumai, suka ce jarumi ɗaya daidai yake da mutum huɗu, babban jarumi kuwa takwas. Waɗannan 'yan shafuka ne Dave Arneson ya ɗauka a jihar Minnesota, ya ba kowane abokinsa mutum guda maimakon runduna, ya tura su cikin ramukan da ke ƙarƙashin fadar Blackmoor. Daga nan aka sami Dungeons & Dragons a 1974, bugun farko kwafi 1,000, kuma a cikinsa ma an tura mai karatu ga Chainmail domin dokokin faɗa. Wanda ya ce littafin yaƙi baƙo ne a teburinmu, ya kori mai gida ke nan.

Ban da asali, akwai amfani na zahiri. Wanda ya rubuta littafin runduna dole ne ya amsa tambayoyin da mai tatsuniya yakan tsallake: su wa ke yaƙi, da wane makami, wa ke ba su umarni, da wa suke gaba. Ɗauki Warhammer, wanda kamfanin Games Workshop na Ingila ya fara bugawa a 1983. Littafin Daular mutane ya gaya mana cewa akwai manyan hakimai masu zaɓen sarki, akwai makarantar igwa a birnin Nuln, akwai makarantun sihiri takwas a Altdorf. Ya kuma ce an ƙera motocin yaƙi masu tururi goma sha biyu, takwas suka rage, kuma an kasa ƙera sabuwa tun mutuwar maƙerin. Mai wasan yaƙi zai wuce wannan layi ya tafi neman ƙarfin bindigar motar. Jagora mai basira kuwa a nan zai tsaya, domin ya sami abincin wata uku: wa ke ɓoye da takardun maƙerin, wane hakimi ne zai sayi ɓarayi su sato su, me zai faru da ɗan ƙaramin ma'aikacin da aka ba ajiyarsu? Kamfanin da kansa ya san haka, shi ya sa littattafansa biyu na Realm of Chaos, na 1988 da na 1990, aka shirya su domin masu wasan yaƙi da masu wasan labari duka.

Amma fa a nan ne muke rabuwa da 'yan'uwanmu masu buɗe shafi. Littafin runduna ba marubucin tarihi ne ya rubuta shi ba, maroƙi ne. Kowane littafi yana wasa mutanensa: na wadanni ya ce ba a taɓa karya alkawarinsu ba, na abokan gabarsu ya ce su aka zalunta, kuma yaƙin da wancan ya kira nasara shi ne wannan ya kira cin amana. Dalilin a fili yake. An rubuta littafin ne domin yaro ya karanta, jininsa ya tafasa, ya je ya sayi sojojin. Ba mu ga laifin ɗan kasuwa da ya yabi hajarsa ba, sai dai mun ga wautar wanda ya ɗauki yabon ya mai da shi hujja.

Ga misali wanda ya ishe mu. A 1986 aka fitar da Warhammer Fantasy Roleplay, wasan labari na wannan duniya, inda mutum zai iya farawa a matsayin mai kama ɓeraye da ɗan karensa, ko almajirin maƙeri, ko mai karɓar kuɗin hanya. A cikin dogon labarinsa mai suna The Enemy Within, Sarki Karl Franz mutum ne mai rauni, mara lafiya, wanda fadawa ke juyawa, kuma a littafin ƙarshe na 1989 har mutuwa ya yi. Da littafin runduna ya fito a 1993, sai ga Karl Franz ɗin nan a raye, ƙato, bisa wata dabba mai kan gaggafa da fukafukai, riƙe da gudumar kakanni. Me ya warkar da shi? Ba a iya sayar da gunkin sarki a kan gadon jinya. Haka ƙasar Bretonnia: a 1986 ƙasa ce ta lalatattun masu sarauta da talakawa masu yunwa, a littafin 1996 ta koma ƙasar barade masu tsarkin zuciya. Yanzu wanne shafi abokinmu zai buɗe mana? Mu dai mun ce a riƙe duka biyun. Na 1996 shi ne abin da ake rerawa a ƙofar fada, na 1986 shi ne abin da mai kama ɓeraye ya gani da idonsa, kuma wasa mai daɗi yana tsakanin su biyun.

Akwai wata illa da ta fi wannan ɓoyuwa. A littafin yaƙi kowa soja ne. Ba manomi, ba ungozoma, ba fatake, sai in an zo ƙona garinsu. Mun taɓa zama dare huɗu a hannun wani jagora da ya bi littafin sau da ƙafa, kowace hanya kwanton ɓauna, kowane gari an kewaye shi, har muka gaji da nasara. A dare na biyar mutum biyu suka ce suna da karatu, alhali kowa ya san ba su da shi. Maganin abin shi ne a karanta lissafin ta baya. In littafi ya ce runduna tana da mahaya 200, jagora ya tambayi kansa wa ya noma hatsin dawakin, wa aka ƙwace wa, wa ya bi bashin sirdi bai biya ba.

A nan muna da wata fa'ida da yaron Landan ba shi da ita. Dokokin De Bellis Antiquitatis, waɗanda Phil Barker da abokansa suka fitar a 1990, suna da jerin rundunonin tarihi masu yawa, a ciki har da na Sudan ta Yamma zuwa 1591, shekarar da sojojin Maroko suka karya Songhai a Tondibi. A wurin Bature mahayi mai nauyi lamba ce a cikin jadawali. Mu kuwa mun ga ɗan lifida da idonmu ranar hawan salla, mun san nauyin kayan, mun san ba ya hawa sai an taimaka masa, mun san akwai maɗinki da maƙeri da zagi a bayansa. Tarihin Kano ma ya ce a zamanin Sarki Kanajeji, wajen 1390 zuwa 1410, aka shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Wanda ya san wannan, in ya ga layi ɗaya a littafin Bature, zai iya gina unguwa guda a kansa.

Wannan sanin ne kuma ya kamata ya hana mu haɗiye duk abin da aka miƙo mana. A taswirar Warhammer, inda ya kamata Afirka ta kasance, an sa Araby a arewa, ƙasar sarakunan zalunci da aljanun kwalba wadda baraden Bretonnia suka je suka yaƙa. Kudu kuwa kurmi ne na mutane-ƙadangaru da dodanni tsirara. Abin kunya ne a ce ɗalibin da ya kwana yana rubuta takarda a kan yadda Turawan mulki suka ɓata tarihinmu, ya zo daren Asabar ya ɗauki wannan hoto ya shimfiɗa wa abokansa, don kawai an buga shi da launi. Jagora yana da ikon ya ce matafiyin da ya zana taswirar bai taɓa wuce bakin teku ba, ya cika kudun da birane masu ganuwa da kasuwanni da malamai.

Masu buɗe shafi za su ce in kowa ya canza abin da ya ga dama, to, ina amfanin littafin, kuma ta yaya baƙo daga wani tebur zai zauna da mu ya gane inda yake? Wannan magana tana da ƙarfi, ba mu musa ba, kuma shi ya sa muke cewa a bar sunayen garuruwa da koguna da sarautu yadda suke, jagora kuma ya faɗa tun daren farko inda ya saɓa wa littafi, kada ya ɓoye sai gardama ta tashi. Sai dai su tuna da abin da ya faru a 2015. A wannan shekara kamfanin ya kammala jerin littattafan The End Times, ya hallaka duniyar Warhammer ɗungurum bayan shekara 32, ya kawo Age of Sigmar a madadinta, da sababbin sojoji na sayarwa. Waɗanda suka ɗauki kowane bugu a matsayin doka sun wayi gari Altdorf ta zama toka, da mutanen da suka yi shekaru suna renonsu a cikinta. A 2018 wani kamfani, Cubicle 7, ya sake fitar da wasan labarin a tsohuwar duniyar kamar ba abin da ya faru, a 2024 kuma Games Workshop da kansa ya dawo da ita da sunan The Old World, ya koma da labarin baya fiye da shekara 200 kafin Karl Franz.

Littattafan abokinmu suna nan a kan teburinmu, kuma ranar Asabar mai zuwa da su za mu yi aiki. Jagoran wannan zango ya riga ya sanar cewa sarkin ba shi da lafiya, mai hawan gaggafar wani bafade ne da aka sa wa kwalkwalinsa, kuma mu biyar ne kaɗai muka ga fuskarsa.