Me Ya Haɗa Yaron Dodoru da Kyaftin Monteil?

Idan ka shiga aji biyu na ƙaramar sakandare a Dodoru, ko Gwandu, ko Kalgo, ka tambayi yara wane ne ya kawo mulkin mallaka ƙasar nan, kafin ka rufe baki za su ce maka Lugga. To, sake tambayarsu: me ya sa mutumin Kamba yake ƙidaya da naira, ɗan'uwansa na Gaya kuwa da sefa? Me ya sa baƙon da ya zo daga Dogon Dutse yake kiran makaranta lakwal, yake kiran malami mushe, alhali kuwa Hausarsa ita ce tamu? A nan sai aji ya yi tsit. Laifin ba na yaran ba ne. Mu ne muka ba su rabin labari, muka bar rabin da ya shafi Faransawa kamar wani abu ne da ya faru a bangon duniya.

An daɗe ba a koyar da tarihi a matsayin darasi mai zaman kansa a makarantun firamare da ƙananan sakandare na Nijeriya, sai a 2022 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da dawo da shi. Wannan dama ce, amma ina jin tsoron kada mu dawo da shi da tsohuwar rigarsa, wato jerin sunaye da shekaru da yaro zai haddace ranar Laraba ya manta ranar Juma'a. Ra'ayina shi ne, labarin matafiyan Faransa da kafuwar mulkinsu a Afirka ta Yamma ya kamata a fara shi daga ƙofar gidan yaro. Ga ɗan ƙasar Gwandu kuwa, ƙofar ba ta da nisa ko kaɗan.

Da aka raba tafiyar da daular Shehu Usmanu a wajen 1812, ɓangaren yamma ya faɗa hannun Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, Gwandu ta zama cibiyarsa. Kowane ɗalibi ya ji cewa Nufe da Ilori suna ƙarƙashin Gwandu. Kaɗan ne suka ji cewa Sayi da Torodi da Yaga da Liptako ma daga Gwandu suke karɓar tuta. Biyun farko yau suna cikin Jamhuriyar Nijar, biyun ƙarshe suna Burkina Faso. Kafin sojojin Ingila su ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Faransawa sun riga sun ɓalle wannan fiffike na yamma gaba ɗaya. Ke nan wanda ya koya wa yaron Dodoru tarihin masarautarsa bai ambaci Faransa ba, ya nuna masa tsuntsu ne mai fiffike ɗaya.

Abu na farko da zan roƙi malamai 'yan'uwana shi ne mu yi hattara da kalmar nan “gano”. Littattafai kan ce René Caillié shi ne Baturen farko da ya shiga Tumbuktu ya koma gida da ransa, a 1828, bayan ya ɓad da kama ya ce shi Musulmi ne ɗan Masar. Gaskiya ne, kuma Ƙungiyar Masana Labarin Ƙasa ta Faris ta ba shi ladan faran 10,000. Amma da ayarin fatake ya shiga birnin, da ayari kuma ya fita, a kan hanyoyin da aka yi ɗaruruwan shekaru ana bi. Shi ma Heinrich Barth, Bajamushen nan da ya yi wa Ingila aiki, a nan Gwandu aka ba shi aron Tarikh al-Sudan a 1853, ya zauna ya kwafi abin da ya samu dama, daga nan ne Turai ta san tarihin daular Songhai sosai. A tambayi yara: a cikin wannan labari, wa ya san abu, wa ya zo neman sani? Ba ina nufin a raina waɗannan mutane ba. Sun yi juriya, sun auna, sun rubuta, kuma abin da suka rubuta yana amfanar mu har gobe. Abin da nake so yaro ya gane shi ne wa ya aiko su, kuma me ya biyo bayansu.

Babu misalin da ya fi na Kyaftin Parfait-Louis Monteil fito da wannan a fili. A ranar 5 ga Agusta 1890, Ingila da Faransa suka yi yarjejeniya a kan takarda cewa za a ja layi daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin Tafkin Chadi: arewa ta Faransa, kudu ta Kamfanin Neja na Ingilishi. Suka ƙara da sharaɗin cewa a lanƙwasa layin yadda duk abin da yake haƙƙin daular Sakkwato zai shiga ɓangaren kamfanin. Matsalar ita ce, waɗanda suka sa hannun ba su san inda ikon Sakkwato ya tsaya ba. Sai Faransa ta tura Monteil ya je ya gani da idonsa. Ya tashi daga Saint-Louis ta Sanigal a ƙarshen 1890 da 'yan rakiya kaɗan, ya bi ta Dori, babban birnin Liptako, ya ƙulla yarjejeniya, ya iso Sayi a watan Agusta na 1891 ya ƙulla wata. Daga nan ya ƙetare Kwara, ya bi ta Argungu, ya isa Sakkwato a watan Oktoba, inda Sarkin Musulmi Abdurrahman ya karɓe shi. Ya wuce Kano, ya wuce Kukawa, ya ratsa hamada, ya ɓulla Tarabulus a watan Disamba na 1892.

A Argungu ne darasin yake da ɗan ɗaci, kuma a nan ne nake ganin malami kan so ya yi tsalle. Monteil ya tarar da Sarkin Kabi Sama'ila yana mulkin ƙasarsa, ba ya bin Sakkwato, ba ya bin Gwandu, hasali ma yaƙi ake yi tsakani, yaƙin da ya samo asali tun tawayen Yakubu Nabame a 1849. Wannan shi ne irin labarin da Faransa take so ta ji, domin idan Kabi da Arewa da Zabarma da Dendi ba sa ƙarƙashin Sakkwato, to, Ingila ba ta da hujjar cewa nata ne. Dubi yadda rigimar cikin gida ta zama hujja a teburin shawara a Turai! A ajujuwanmu jikokin ɓangarorin biyu suna zaune a benci ɗaya, don haka na fahimci malamin da yake gudun tada tsohon miki. Amma ɓoyewa ba ta warkar da shi. A gaya wa yara cewa kowane sarki a lokacin yana neman abin da zai tsare ƙasarsa ne daga maƙwabcin da ya sani, baƙon da ya zo da kyauta da takarda kuwa ba wanda ya san girman abin da ke bayansa. In bango bai tsage ba, ƙadangare ba ya samun wurin shiga.

Tunda wannan mujalla ta kimiyya ce, bari in nuna inda darasin tarihi zai ari kayan aikin darasin lissafi. A ranar 14 ga Yuni 1898 ƙasashen biyu suka sake zama, suka canja layin. A wannan karo suka ce iyaka za ta bi kwarin Dallol Mawuri har ta haɗu da da'irar da aka zana daga tsakiyar birnin Sakkwato, mai nisan mil 100 daga cibiya, wato kimanin kilomita 161, sannan ta bi bakan da'irar ta arewa. Malami ya samo taswira, da ƙusa, da zare. Yara su auna kilomita 161 a ma'aunin taswirar, su kafa ƙusa a Sakkwato, su juya fensir. Za su ga Gwandu da Dodoru da Kalgo duk suna ciki. Za su kuma ga Birnin Ƙonni a ciki, sai wani mai kaifin ido ya ɗaga hannu ya ce, “Malam, ai Ƙonni a Nijar take.” Wannan tambaya ita ce darasin.

Amsarta kuwa ruwa ne. Da Faransawa suka zo bin ƙasar da aka ba su, sai suka tarar hanyar da za ta kai su daga Kwara zuwa Damagaram ba tare da taka yankin Ingila ba ta bi ta busasshiyar ƙasa mai ƙarancin rijiyoyi, ayarin soja da dabbobi ba za su iya bin ta a kowane lokaci ba. Suka yi ta ƙorafi har 1904, lokacin da aka yi babban sulhu tsakanin Landan da Faris. Ingila ta yarda a tura iyakar kudu, Ƙonni da Maraɗi suka koma hannun Faransa. Daga cikin abin da Faransa ta saki a madadin haka har da wani tsohon haƙƙi da masuntanta suke da shi a gaɓar tsibirin Newfoundland, can ƙasar Kanada ta yau. Daga 1906 zuwa 1908 wata tawagar haɗin gwiwa, ƙarƙashin Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila, ta bi ƙasa tana kafa alamun iyaka. Ban taɓa ganin yaron da aka gaya wa cewa an yi musayar garuruwan Hausa da wurin kamun kifi ya manta ba.

Akwai kuma gwajin da ba ya bukatar ko kwabo. Matafiyan nan suna yawo ne da kamfas da agogo da na'urar auna tsayin rana da taurari, da su suke sanin matsayin gari a doron ƙasa. A wajen 21 ga Maris ko 23 ga Satumba, lokacin da dare da rana suke daidaita, a kafa sanda mai tsawon mita ɗaya a miƙe a filin makaranta, a auna inuwarta a daidai lokacin da ta fi gajarta. A ƙasar Gwandu za a samu kusan santimita 22, kusurwar da wannan ke bayarwa kuwa kimanin digiri 12 da rabi ce, wato nisan wurin daga layin da ya raba duniya biyu. Yaron da ya yi wannan da hannunsa ya daina ɗaukar taswira a matsayin tsafin Bature.

Bayan mai awo sai mai bindiga. A watan Mayu na 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou a Damagaram bisa umarnin Sarki Ahmadu Kuran Daga. A 1899 rundunar Kyaftin Voulet da Kyaftin Chanoine ta taso daga bakin Kwara tana ƙone garuruwa, tana kama bayi da 'yan dako. Ta yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu a watan Afrilu, ta afka wa Birnin Ƙonni a watan Mayu ta hallaka jama'a masu yawan gaske. Labari ya kai Faris, aka turo Kanar Klobb ya tsayar da su, sai Voulet ya sa aka harbe shi ranar 14 ga Yuli, kusa da Tasawa. Cikin 'yan kwanaki sojojinsu suka juya suka kashe su duka biyun. Duk da haka ragowar rundunar ta ci Damagaram a ƙarshen watan, Faransa kuma ba ta mayar da ko taki ɗaya na ƙasar da aka ci ta wannan hanya ba.

Wasu za su ce yaro ɗan shekara goma sha biyu bai kai jin wannan ba, ko kuma zai sa masa ƙiyayya. Ni dai ina ganin akwai bambanci tsakanin faɗin gaskiya da baje gawa a gaban yara. Ana iya cewa an ƙone gari an kashe mutanensa ba tare da an shiga siffanta yadda aka yi ba. Maganin ƙiyayya kuwa shi ne cika labarin: a faɗa cewa Turawan da ke cikin rundunar ba su kai goma sha biyu ba, sauran duk 'yan Afirka ne da aka ɗebo daga yamma, a kuma faɗa cewa wani hafsan Faransa ne daga cikin rundunar ya rubuta wasiƙar da ta tona asirin. Ga manyan ɗalibai, a nuna musu cewa Sarauniyar da ke cikin ƙagaggen labarin Abdoulaye Mamani na 1980, da fim ɗin Med Hondo na 1986, an ƙawata ta fiye da abin da rahotannin lokacin suka ƙunsa. Koyon rarrabe tarihi da adabi shi ma ilmi ne.

Sai batun zama. Yara kan ɗauka mulkin mallaka iri ɗaya ne ko'ina. A Kebek ta Kanada, wadda Samuel de Champlain ya kafa a 1608, da Aljeriya bayan 1830, Faransawa sun zo da iyalansu ne suka karɓe gonaki suka zauna. A maƙwabtanmu ba haka aka yi ba. 'Yan Turawa kaɗan ne, kumandan da bariki da haraji da aikin dole. An mai da Nijar cikakkiyar ƙasar mallaka a 1922, aka ɗauke hedkwata daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, ba a soke aikin tilas ba sai 1946. A tsakanin nan mutane da yawa sun gudo wannan ɓangare, zuriyarsu suna nan cikinmu. Tawaye ma bai san iyaka ba: Ɗan Makaho, ɗaya daga jagororin Satiru a 1906, daga yankin Faransa ya tsero, kuma bayan wannan rikici ne Ingilishi suka tuɓe Sarkin Gwandu na lokacin. Aikin gida mafi amfani a nan shi ne a tura yaro wurin kakarsa ya tambayo daga ina gidansu ya taso, a wane zamani, kuma me ya taso su. Ya rubuto shafi ɗaya, a karanta a aji.

Na san kukan malamai: lokaci kaɗan ne, littattafai babu, jarrabawa kuma ba ta cika tambayar wannan ba. Duk abin da na lissafa bai wuce darasi huɗu ba, kayan aikinsa taswira ɗaya ce da zare da sanda. Abin da ya fi ƙarfin malamin ƙauye shi ne tushen labarin, domin littafin da Monteil ya wallafa bayan komawarsa da Faransanci yake, haka ma rahotannin tawagar Tilho. Wannan aikin jami'a ne. Ga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi nan a ƙasar Kalgo, ga ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ga ta Abdou Moumouni a Yamai inda Faransanci yake harshen karatu. Masana tarihi da masana Faransanci su haɗu su fassara shafukan da suka shafi Sayi da Argungu da Sakkwato zuwa Hausa mai sauƙi, su jera su gefe da gefe da abin da marubutanmu na Ajami da Larabci da tsofaffinmu suka adana, a buga ɗan littafi mai shafi talatin ko arba'in, da taswirar 1898 da ta 1904 a tsakiyarsa, a raba wa makarantun Jihar Kebbi.