Ɗan Daba a Kan Dandamali



A 'yan shekarun nan, da azumi ya doshi kwana goma sai a ji sanarwa daga rundunar 'yan sandan Kano cewa an dakatar da tashe. Dalilin da ake bayarwa bai cika sauyawa ba: ɓata-gari na fakewa da ayarin masu tashe su yi ƙwacen waya, ko su fito da makamai su rama tsohuwar gaba. Tashe kuwa shi ne wasan kwaikwayon da Bahaushe ya gada, inda yaro ke manna gemun auduga ya zama tsoho, 'yan mata su kwaikwayi zaman aure a wasan Mairama da Daudu, Nalako ya ɗaure gwauro da igiya ya zaga gari da shi. Wasan da aka saba gyara halin jama'a da shi cikin raha, shi ne daba ta kora daga kan titi.

Don haka ba abin mamaki ba ne da ɗalibanmu, daga 'yan kulob ɗin wasan kwaikwayo na sakandare har 'yan sashen wasan kwaikwayo na jami'a, suka mayar da daba da tarzomar gari jigon da suka fi son tsara wasa a kai. Abin da ke damunsu ke nan, wasunsu ma ta lungun 'yan daba suke bi su zo makaranta. Ina goyon bayansu. Amma ina da ja a kan irin wasan da aka saba fitarwa.

Kun san shi, kun sha kallonsa ranar raba kyaututtuka. Ga yaro mai ladabi, sai ya haɗu da abokan banza. Daga sigari sai wiwi, daga wiwi sai sholisho, daga nan sai wuƙa a ƙugu. Uwa tana kuka a gefe. A fitowa ta ƙarshe ko dai a sare shi ya mutu, ko ya durƙusa ya tuba, sai wani ya fito da farar riga ya yi wa'azi. A tafa, a tashi. Iyaye sun ji daɗi, shugaban makaranta ya ji daɗi, babban baƙo ma ya ji daɗi, kuma wani lokaci shi babban baƙon nan da ke tafi a kujerar gaba ya fi kowa sanin inda ake raba wa yaran kuɗi ranar kamfen.

Laifin wannan wasa shi ne ya ɗora komai a wuyan yaro ɗan shekara 17, kamar daga sama ya faɗo da addarsa. Idan ɓera da sata, ai daddawa ma da wari. Daba tana da iyayen gida, kuma tarihinta a Kano ba ɓoyayye ba ne. Tana da jijiya a farauta da tauri, inda samarin kowace unguwa ke fita daji a ƙungiyance, a yi kirari, a yi faɗa a kan nama. Siyasa ce ta jawo su cikin gari. Bayan kafa jam'iyyar NEPU a 1950, da rikici ya yi zafi tsakaninta da NPC, kowane ɓangare ya nemi 'yan bangarsa, har aka yi wata ƙungiya da ake kira Mahaukata wadda aikinta ke nan ta tarwatsa taron 'yan Sawaba, wato 'yan NEPU. Tun daga lokacin kakar zaɓe ba ta wucewa ba a nemi yaran unguwa ba. A Gombe ana ce musu 'yan kalare, a Bauchi 'yan sara-suka, kuma ko'ina labarin ɗaya ne: a ɗauke su haya, a ci zaɓe, a watsar da su da makami a hannu da ƙwaya a kai. Ɗalibin da zai tsara wasa a kan daba bai san wannan ba, wasan yara zai yi.

To ta yaya za a tsara wanda ya fi wannan? Ba sai mun je nesa neman darasi ba. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, tun tsakiyar shekarun 1970, malamai irin su Michael Etherton da Brian Crow, da waɗanda suka taso a hannunsu irin su Salihu Bappa da Oga Steve Abah, suka kafa wata hanya. Ba a miƙa wa ɗalibi rubutaccen wasa a ce ya haddace. Tura shi ake yi cikin jama'a ya zauna, ya saurara, ya dawo da abin da ya ji, sannan a taru a gina wasa daga ciki, a koma a nuna wa mutanen da aka ji labarin daga bakinsu. Haka aka yi Wasan Manoma a yankin Soba a 1977, aka yi na Maska, aka kuma riƙa tura ɗalibai cikin Samaru suna wasa a kan titi. Ribar wannan hanya ita ce ƙarya ba ta daɗewa. Idan ka nuna wa manomi wasa a kan taki, ka yi kuskure, nan take zai gyara maka a gaban kowa.

Sai dai lungun 'yan daba ba gonar Soba ba ne, kuma malamin da ya tura yara da takarda da biro su je su yi wa mai riƙe da ɗanbida tambayoyi bai yi musu adalci ba. Akwai mutanen da suka san daba ciki da waje ba tare da sun taɓa ɗaukar makami ba, su ya kamata a fara nema. Mai shayin bakin layi, wanda ya san daren da za a yi faɗa tun daga yadda benci ke watsewa da wuri. Mai kemis da ake buga wa ƙofa tsakar dare a ɗinke sara, don ana tsoron zuwa asibiti. Mai unguwa, 'yan sintiri, limamin masallacin layi. Sai kuma tubabbu, waɗanda suka ajiye makami suka kama sana'a. A 2023 rundunar 'yan sandan Kano ta karɓi tubar ɗimbin irin waɗannan samari, har aka ɗauki wasunsu aikin taimaka wa 'yan sanda, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce a lokacin. Irinsu suna nan a kowace unguwa, kuma idan aka bi ta hannun manya aka girmama su, suna magana.

Abin da ɗalibi zai dawo da shi daga irin wannan zama ya sha bamban da abin da ya tafi da shi. Zai ji cewa yaron da gari ke tsoro, a lungunsu shi ake kira idan ɓarawo ya haura katanga, shi ke haƙa kabari idan an yi rasuwa. Zai ji cewa wani bai shiga don son rai ba, wansa aka sara, aka ce idan bai rama ba ba zai ƙara ɗaga kai a layin ba. Zai ji yadda beli ke fitowa da safe bayan an kama mutum da dare, da wanda ya buga wayar. Wannan su ne kayan wasa.

Yanzu ga inda na fi so malamai da daraktocin ɗalibai su kasa kunne. Akwai tarkon da kusan kowane wasa irin wannan ke faɗawa, kuma a wajen gwaji ake fara ganinsa. A raba matsayi, sai ka ga kowane yaro namiji yana son ya fito a ɗan daba. Wanda ya samu zai ja hula ta rufe ido ɗaya, ya saki kafaɗa, ya shaƙe murya, ya riƙa jan ƙafa yana karkata. Abokansa su kwashe da shewa. Ranar wasa da ya leƙo daga bayan labule sai zaure ya ruɗe da ihu, ƙananan yara su haddace kirarinsa, washegari a ji su suna yi a filin makaranta. Wanda ya fito a uba ko malami kuwa, yana buɗe baki ana hamma. An shirya wasa don a hana daba, an ƙare da yi mata talla. Masu finafinan Hausa ma sun ga wannan da idonsu, inda jarumin da ya fito a shugaban daba ya fi kowa farin jini a wurin matasa.

Ba a magance wannan ta hanyar mayar da ɗan daban dolo ko dodo, don 'yan kallo sun san ba haka yake ba. Ana magance shi ne da nuna sa'o'in da kirari ba ya kaiwa. A nuna shi da asuba a kango, ƙwaya ta sake shi, jiki na rawa, yana tsoron taka titin da ya raba unguwarsu da ta maƙwabta ko da jana'izar kakarsa ake yi a can. A nuna shi tsugune a ƙofar gidan maigida tun hantsi, shi da ake jin tsoro, yana jiran a leƙo a miƙo masa abin da bai kai kuɗin man motar da aka zaga da su ba. Wannan fitowar ita ce zuciyar wasan, kuma ita ce aka fi tsallakewa don gudun ɓacin ran manya. A ba wa ɗalibin da ya fi kowa iya wasa matsayin maigidan, mai babbar riga da carbi da tattausar murya, wanda bai taɓa riƙe wuƙa ba. A bar shi ya yi magana mai daɗi a kan zaman lafiya a gaban makirufo, sannan ya juya ya yi raɗa da yaronsa. Malam Aminu Kano tun yana matashi da irin wannan wasa yake zolayar masu zaluntar talaka, kuma bai tsaya a kan dogari ya ƙyale wanda ya aiko shi ba.

Sai uwa. A yawancin wasanninmu aikinta kuka kawai. A bar ta ta yi abin da iyaye mata ke yi da gaske: ta zuba tuwo a kula ta tsaya a bakin caji ofis tana roƙon a miƙa masa, ta sayar da akuya a yi beli, ta ga sabuwar waya a hannunsa ta kau da kai don ranar da kuɗinsa aka yi cefane. Ba mugunta ce ta sa ta yi shiru ba, kuma 'yan kallo mata za su gane ta tun kafin ta ce uffan.

Maganar tarzoma kuwa, kada a ɓata lokaci ana guje-guje da jifa a kan dandamali, hayaniya ce kawai ke fitowa. Kano ta ga tarzoma iri-iri: ta watan Mayun 1953, ta Maitatsine a Disambar 1980 da ta ci rayuka sama da 4,000, ta bayan zaɓen 2011 da ƙungiyar Human Rights Watch ta ce ta hallaka sama da mutum 800 a jihohin Arewa 12 cikin kwana uku. Ta kusa ita ce ta 1 ga Agustan 2024, lokacin da zanga-zangar tsadar rayuwa ta rikiɗe aka fasa cibiyar fasahar sadarwa ta hukumar NCC aka kwashi kaya, aka sa dokar hana fita. Ɗalibai da dama sun ga wannan da idonsu. Abin da ya cancanci dandamali shi ne daidai lokacin da taro ke juyawa: wa ya fara jifa, wa ya ce a fasa, wane ne ya fito don yunwa sai ya tsinci kansa ɗauke da kujerar ofis. Da kuma abin da ya biyo baya, don a watan Nuwamban shekarar duniya ta ga ƙananan yaran da aka kama aka gurfanar a kotu a Abuja, wasu suna yanke jiki suna faɗuwa. A tsayar da 'yan wasa cak kamar hoto a daidai wannan gaɓa, a bar ɗaya bayan ɗaya ya faɗi abin da ya fito da shi daga gida.

Akwai ƙa'idojin da ba a wasa da su. Kada a ambaci sunan unguwa ta gaske ko laƙabin wani da ke raye, don wasa ya kan tayar da gabar da ta kwanta. Kada a hau da makami na gaske, kwali da katako sun isa. Kuma abin da tubabbe ya faɗa a asirce a sauya masa kama yadda ko maƙwabcinsa ba zai gane shi ba. Aisha Macky, 'yar Damagaram da ta yi fim a 2021 a kan samarin unguwar Kara-Kara, ta samu shiga cikinsu ne don sun amince ba tozarta su ta zo yi ba.

Game da ƙarshen wasa, a ajiye mai farar rigar nan da wa'azinsa. Augusto Boal na ƙasar Burazil yana da dabarar da ta dace da mu: a kai wasa inda ya yi tsami, misali daren da aka zo kiran yaro a je ramuwa, sai a tsaya, a juya ga 'yan kallo a ce wa zai hau ya karɓi matsayin uban nan ko yayar nan ya gwada hana shi fita. Wani dattijo zai hau ya yi faɗa, ɗan wasan ya bangaje shi ya wuce, don a zahiri ma haka ake yi. Wata ta hau ta gwada lallashi. Wani ya ce a kira 'yan sanda, sai a tambaye shi gobe da wane ido zai kalli 'yan layin.

Irin wannan ba ya yiwuwa a zauren makaranta da kujerun alfarma. A nemi izinin mai unguwa, a sanar da ofishin 'yan sanda na yankin, a share fili a gaban makarantar firamare, a fara bayan la'asar a tashi kafin magariba. Kafin ranar kuma a gayyato tubabbu biyu ko uku su kalli gwajin ƙarshe, a ba su dama su tsayar da wasa duk inda suka ga ba haka ake yi ba.