"Ba rezo, ku komo gobe": wa ke kula da akwatin ɗakin baya?

Wannan magana mun taɓo ta cikin shirin safe, lokaci ya ƙare ba mu kai ƙarshe ba, shi ya sa munka ce bari mu kawo ta nan, inda ba mai ɗaga muna hannu daga bayan gilashi yana nuna agogo.

Duk wanda ya taɓa bin layi gaban tagar wani biro, a Maraɗi ne, ko Damagaram, ko Tawa, ko Yamai, ya san kalmar nan: "Ba rezo, ku komo gobe." Tsohuwa ta biya kuɗin mota daga ƙauye don takardar haihuwar jikanta da za shi zana jarrabawa. Ɗan fansho ya fito tun asuba ba karin kumallo. Mai haƙuri yana jiran sakamakon awon jini. Duk amsa guda. Mun saba aza laifin bisa kamfanonin talho, kuma wani lokaci nasu ne. Amma sau da yawa rezo na nan lafiya lau. Abin da ya kwanta wani akwati ne da ke ɗakin baya, wanda ba a ko leƙawa sai ranar da ya yi pan.

Masu aikin suna ce mashi sarbar. Kwamfuta ce babba da ba ta kwana, ita ke riƙe da takardu da lissafi da sunaye, sauran kwamfutocin biro duk wurinta suke ɗibar abin da suke nuna muku. In ta tsaya, ma'aikacin da ke taga bai da abin yi, ko da yana da niyyar taimakon ku.

Ba za mu fara da nuna wa kowa yatsa ba, don mu ma abin ya ci mu. A gidan rediyon da muke aiki akwai irin wannan akwati, wani poroje ya ba mu shi kyauta. Ranar da anka kawo shi har lemu anka sha. Cikinsa munka zuba duk abin da muke da shi: shirye-shiryen shekaru, tafsirin azumi, kiɗan fada, hirarraki da tsoffin da sunka ba mu labarin yunwa da na kafuwar unguwanni. Tsoffin kaset ma sai da munka juye su ciki, sannan munka jibge kaset ɗin cikin mangaza, gara da zafi sunka ƙarasa su. Akwatin yana da diski biyu masu aiki kamar tagwaye, abin da anka rubuta ga wannan shi ke ga wancan, don in ɗaya ya mutu ɗaya ya riƙe. Wannan tsari shi ake kira RAID 1. Wata rana ɗaya ya mutu. Na'urar ba ta ɓoye muna ba: ƙaramar fitila ta juya daga kore zuwa ruwan goro, ta kama ƙara, tit, tit, tit. Mi munka yi? Ƙarar na shiga makirfo, sai munka ja ƙofar ɗakin munka rufe. Wallahi haka anka yi. Tunda komi na tafiya, kowa ya ci gaba da harkarsa har watanni.

Cikin bazara, wata ranar da kuran ya ɗauke ya dawo ya fi a ƙirga, na biyun ya bi ɗan'uwansa. Daga baya teknisiyan ya faɗa muna abin da ya kamata mu sani tun farko: diskin nan biyu tare anka ƙera su, tare anka kunna su, zafi guda sunka sha, to in ɗaya ya tafi, ɗayan ma ya kusa. Wani ɓangare ya samu ceto, mafi yawa ya tafi. Bayan 'yan makwanni wani magidanci ya zo da kile a hannu, ya ce: "Malam, hirar da kunka yi da Baba kafin rasuwarsa nike so ku sa mini, in jiyar da yara muryar kakansu." Mun ba shi kujera, mun ba shi ruwa, mun daɗe muna kewaye-kewaye kafin mu iya faɗa mashi. Diskin da zai hana wannan kunya kuɗinsa bai kai na ragon layya ba.

Tun daga ranar muke tambayar masu sana'ar, kuma abin da munka fahimta shi ne ƙasarmu ta haɗa duk abubuwan da wannan na'ura ba ta so.

Zafi ne a gaba. Masana suna son iskar da ke shiga sarbar ta tsaya tsakanin digiri 18 da 27. Mu ko a watan Afrilu da Mayu 40 abin yau da kullum ne, a haura ma. Sai ka tarar an ajiye na'urar cikin ɗan ɗaki mai rufin kwano, ba taga, klim ɗin ya lalace tun bara, ko kuma lafiyarsa ƙalau amma mai gadi na kashe shi in an tashi aiki don a rage faktir. Ba laifin mai gadi ba ne, umurni anka ba shi. Na'urar kuwa ba ta tashi aiki ƙarfe biyar da rabi, dare da rana tana fitar da zafinta. In ya yi mata yawa, fankokinta su kama kururuwa, ta rage gudu don ta kare kanta, daga nan ta kashe kanta. Ma'aikata su ce yau rezo na da nauyi.

Ƙurar hunturu ita ke ƙarasa aikin. Fankokin da ke jawo iska su ke jawo ta, ta toshe ramukan iska, ta kwanta bisa ƙarfen da ke sanyaya ƙwaƙwalwar na'ura kamar an lulluɓa mata bargo. Maganin ba tsada: a kashe, a zare waya, a fitar waje, a hure da abin hura iska, a dafe fanka da yatsa kada ta yi ta juyawa. Aikin awa guda ne bayan hunturu da kuma kafin damina. Biro nawa ke yin sa?

Maganar kuran kuwa ba sai mun tuna muku ba. Kafin 2023 wajen kashi 70 cikin 100 na wutar da muke sha daga Najeriya take zuwa. Da anka katse ta a watan Agusta na 2023 saboda takunkumin CEDEAO, kowa ya ji a jikinsa har zuwa farkon 2024 da anka maido ta. Tashar hasken rana ta Gorou Banda mai megawat 30 ta rage wa Yamai zafi, ta Malbaza mai megawat 7 na nan tun 2018, madatsar Kandaji muna jira. Amma ɗaukewar wuta ba ita ta fi ɓarna ba. Sarbar kullum cikin rubutu take, in wuta ta yanke tana tsakiyar rubutu, abin da take rubutawa na iya dagulewa, wani lokaci har da wanda ke kusa da shi. Dawowar wutar da ƙarfi kuma ita ke ƙona akwatin wuta na ciki. Don haka ake haɗa ta da ondular, mai batir, wanda zai riƙe ta 'yan mintoci kafin grup ya tashi ko a kashe ta cikin natsuwa.

To a nan ne yaudarar take. Ondular na nan, fitilarsa na ci, kowa hankalinsa kwance. Batirin da ke ciki an ƙera shi ya yi shekara 3 zuwa 5 a ɗaki mai digiri 25, kuma duk ƙarin digiri goma na raba kwanansa biyu. Ku yi lissafin da kanku a ɗakin da ke kai 40. Namu da anka buɗe, batiran sun kumbura kamar burodi, ko daƙiƙa biyar ba su riƙewa. Ba wanda ya taɓa gwada shi, alhali gwajin bai wuce a sanar da ma'aikata, a adana aiki, a yanke mashi kuran a ga minti nawa zai yi ba. Haka wayar ƙasa, wadda ake binnewa don ta kwashe tsawa da rarar wuta: ƙasarmu rairayi ce busasshiya, ƙarfen da anka soka shekara goma ba lalle yana aiki ba, sai an auna. Hadarin farko na damina shi ke tona asiri.

Duk waɗannan ba sabon ilimi ba ne. Yaran da ke fitowa daga IUT na Maraɗi da Damagaram da Tawa, da na EMIG a Yamai, sun san su. Matsalar ta shugabanni ce, kuma da munka ce shugabanni har da shugaban ƙaramin biro mai ma'aikata biyar. Mun iya saye, mun iya yanke ƙyalle gaban kamara. Kulawa ba ta da buki, ba mai gayyatar gwamna ranar sauya batir. Poroje ya kawo kaya, ya yi shekara uku ya naɗe tabarmarsa, garanti ya ƙare, cikin kasafin shekara ba ko layi guda na gyara. Akwai na gazuwal, akwai na taron bita da kuɗin zama, akwai na labule. Ranar da na'ura ta faɗi sai a kira "yaron nan mai kwamfuta", wanda galibi ɗan staj ne da ba a biya, ko ƙanen wani. In ya gyara, a ce Allah shi yi albarka. In ya kasa, shi ya ɓata. Watanni shida kafin nan ya rubuta takarda yana neman diski guda, takardar na nan ƙarƙashin kofin shayi.

Su ma masu gyaran muna da magana da su, don ba duka ke da gaskiya ba. Akwai masu hannu da sauri, abu kaɗan sai "a yi formataj". Sarbar ba talho ba ce. Tana da littafinta na ciki inda take rubuta duk abin da ya same ta, zafi ne, fanka ce, ko wani diski ya fara tuntuɓe. Na Dell suna da iDRAC, na HP suna da iLO, ana iya karanta su ko na'urar ba ta tashi ba, muddin akwai wuta a jikinta. Mai gyara na ƙwarai yana fara karatu kafin ya ɗauki sukurdireba, ya sauya abu guda ya gwada, ya rubuta cikin kaye abin da ya yi da kwanan wata. Mun ji labarin wanda ya zo sauya mataccen diski ya zare mai ran. Kuma kalmar sirri kada ta zauna cikin kan mutum guda: a rubuta, a rufe cikin ambulan, a sa a kwaf. Mutum na tafiya Agadas ko Kano, mutum na fushi, mutum na mutuwa.

Wani mai saurare ya rubuto muna cewa duk wannan wahalar banza ce, a zuba komi cikin intanet wurin manyan kamfanoni a huta. Akwai gaskiya ciki, su ɗakunansu na da sanyi da wuta da masu gadi. Amma can ɗin ma akwatuna ne cikin gini. A ranar 10 ga Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga gine-ginen kamfanin OVH a Strasbourg ta Faransa, kuma wasu abokan cinikin da ajiyarsu ta biyu ke wuri guda da ta farko sun rasa duka. Sannan biron da ke can cikin daji, inda rezon gaske ke zuwa yana ɗaukewa, ba zai jingina aikinsa kacokan ga waje ba. Ga kuma tambayar da ta dace da wannan zamani da muke maganar 'yancin kai: sunayen 'yan ƙasa da takardun filayensu a hannun wa za su kwana? Aikin fibar da ke ratsa Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya sa wa kuɗi, ya ƙunshi cibiyar ajiyar bayanai ta ƙasa a Yamai, kuma muna maraba da ita. Sai dai ita ma klim za ta sha, batir za ta ci, kuma in anka bi ta da halinmu na yanzu, labarin ɗakin bayanmu ne za a maimaita da manyan kuɗi.

Abin da muke roƙo bai da yawa. Duk wanda zai sa hannu a karɓi na'ura, kyauta ce ko saye, ya tambayi kuɗin kula da ita na shekara biyar, ya sa cikin kasafi kafin a sha lemu. A ajiye diski guda sabo cikin kabad, don tun da hanyar Kwatano ta toshe a 2023 kayan da ba a samu a Kano ba sai ya daɗe a hanya. In na'urar gwanjo ce daga Turai, ba aibi, amma a duba awa nawa diskinta sunka yi, suna faɗa da kansu in an tambaye su. Ba kullum sai sabuwa ba: ƙarin memuwar da diski irin SSD na iya tashin tsohuwa. Wadda ke bisa Windows Server 2012 kuwa ta daina samun gyaran tsaro tun Oktoba 2023, wannan a yi mata shiri. Uwa uba ajiya: kwafi uku, bisa abu iri biyu, guda a wani gini daban. Tagwayen diski ba ajiya ba ne, don abin da ka goge bisa kuskure gogewa yake ga duka biyun, haka in ɓarawo ya ɗauke akwatin ko gobara ta tashi. Kuma ajiyar da ba a taɓa gwada maido ta ba, ba a san ko tana nan ba.

Mu yanzu kowace Juma'a bayan an sauko, ɗaya daga cikinmu yana juye aikin mako cikin diskin hannu ya tafi da shi gida, ya kawo na makon jiya. Ƙofar ɗakin baya an sa mata raga, an rataye ma'aunin zafi a bango, duk mai shirin safe sai ya leƙa ya rubuta lamba da launin fitila kafin ya buɗe makirfo. Muna kuma cigiya: duk wanda ya taɓa naɗar tsoffin shirye-shiryenmu a kaset ko a talho, musamman hirarrakin tsoffi, ya taimaka ya kawo muna mu juye, mu maida mashi abinsa.