Fada ce, ba majalisar jama'a ba

Akwai zancen da ake yawan maimaitawa a azuzuwan tarihi da wuraren muhawara: wai dimokuraɗiyya a jinin Turawan Ingila take, domin tun kafin 1066 sarakunansu ba sa zartar da komai sai sun tara majalisar da ake kira witan, kuma wai ita ce kakar majalisar dokokinsu ta yau. Masana tarihi na ƙarni na 19 irin su Edward Freeman ne suka yi wa wannan ra'ayi kwalliya. Ni ban yarda ba, kuma takardun zamanin su ne hujjata.

A duba jerin shaidu a ƙarshen takardun kyautar filaye na Sarki Athelstan, wanda ya yi mulki daga 924 zuwa 939. Manyan malaman coci ne, da sarakunan Wales da suka yi mubaya'a irin su Hywel Dda, da hakiman larduna, da mayaƙan sarki masu filaye. Ina manomi? Ina bawa, alhali ƙidayar Domesday ta 1086 ta nuna kusan ɗaya cikin goma na waɗanda aka lissafa bayi ne? Babu wanda jama'a suka zaɓa. Sarki ke kira, shi ke sa rana, sau da yawa lokacin Kirsimeti ko Ista, kuma taron na bin sa duk garin da ya sauka.

Wannan ba ya nufin 'yan amshin shata ne. A 757 manyan Wessex sun haɗa kai da Cynewulf suka tuɓe Sarki Sigeberht saboda zalunci. A 1014, bayan mutuwar Sweyn na Denmak da ya ƙwace sarautar Ingila, manyan ƙasar sun aika wa Sarki Ethelred da ya gudu Normandi cewa ya dawo, da sharaɗin ya gyara mulkinsa. To amma daga ina ƙarfin nan ya fito? Daga mashi da gona. Sarki ba shi da rundunar da za ta isa sai da mutanensu, haraji kuma ba ya taruwa sai ta hannunsu. Da shi da su suka yanke a 1002 a ba maharan Denmak fam 24,000 don a sami lafiya, wanda zai yi gumin kuɗin kuwa ba a tambaye shi ba.

Shekarar 1066 ta fi tona asiri. Da Sarki Edward ya rasu a Janairu, 'yan witan suka bar Edgar, jinin sarauta, suka naɗa Harold wanda ya fi kowa dakaru. Da Harold ya faɗi a yaƙin Hastings suka koma kan Edgar, kafin Kirsimeti kuma sun miƙa wuya ga William na Normandi, wanda ya ci yaƙin. Inda ƙarfi ya karkata, can suka bi.

Bahaushe ba baƙon wannan tsari ba ne. A Kano, Madaki da Makama da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta ke zaɓen sarki, kuma ba mu taɓa kiran wannan dimokuraɗiyya ba. Don me za mu ba na Ingila sunan da muka hana namu?

Wakilan garuruwa ba su samu kujera a majalisar Ingila ba sai 1265, lokacin da Simon de Montfort ya kira su bayan ya kama Sarki Henry na Uku a yaƙi. Malamanmu na tarihi, ku gaya wa ɗalibai haka: da faɗa aka samo wakilci, kusan shekara ɗari biyu bayan witan ta shuɗe.