Kafin ki ba shi kuɗin canza pikof

Uwargida, in kina da yaro mai kaɗa jitar lantarki, wata rana zai zo miki da maganar canza pikof. Kar ki ce shirme ne. Pikof shi ne kunnen jita: maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, yana ƙarƙashin tsirkiya, yana mayar da girgizarta lantarki ya tura wa sifika.

Mai naɗi ɗaya, irin na Fender Stratocaster da Mdou Moctar na Nijar ke kaɗawa, sautinsa siriri ne, tas-tas, sai dai yana kwaso gurnanin wutar gida. Mai naɗi biyu, wanda Gibson ya sa wa Les Paul a 1957, naɗin biyun ne ke kashe gurnanin, sautin ya fito da kauri. Amma ya fi faɗi, sau da yawa ba ya shiga ramin mai naɗi ɗaya sai an sassaƙe jikin jitar. Ki tambaye shi ko ya auna. Ni dai da zan ce ya fara sa sabuwar tsirkiya, ya ɗaga pikof ɗin ko ya sauke shi da sukurdireba. Wannan kaɗai kan sauya sauti.

In ya dage, wajen liƙa wayoyin ne damuwata a matsayina na nas, domin yawancin abin liƙin akwai dalma a ciki. Ya buɗe taga, ƙannensa su fita, ya wanke hannu kafin cin abinci. In kuma kunnensa na yi masa ƙara bayan ya gama kiɗa, sifikar ta yi ƙarfi, ya rage ta.